Darasi: Majalisar Ƙaramar Hukuma da Kwangilar Masu Tsaro

Abin da darasin ya ƙunsa

A wannan darasi za mu ga yadda ƙaramar hukuma irin ta Karofane take ɗaukar masu gadi da masu kula da oda, yadda take ba da kwangilar kayan aikinsu, da kuma wanda doka ta ba ikon cewa "mun yarda" kafin a taɓa kuɗin jama'a. Akwai ɗan lissafi a tsakiya, saboda haka kowa ya ajiye alƙalaminsa kusa.

Wa ke biyan wa?

Karofane ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Buza, cikin jihar Tawa. Gundumar tana da ƙananan hukumomi bakwai: Buza, Allakaye, Babankatami, Dewule, Karofane, Tabotaki da Tama. Madawa tana kudu da gundumar, Keita kuma tana arewa maso yamma. Wanda ya san fadamar Tarka ya san yadda gari ke zama idan albasa ta nuna: manyan motoci suna shigowa, ƴan kasuwa suna zuwa da kuɗi a jiki, buhuna suna kwana a fili. Ga dabbobi ranar kasuwa, ga kuɗin da ƴan ci-rani ke aikowa gida. Inda dukiya ke kai da komowa haka, dole ne a yi maganar mai gadinta.

Abin da ya kamata mu fara riƙewa shi ne, ƴan sanda da jandarmomi da askarawan Garde Nationale ba ma'aikatan magajin gari ba ne. Ƴan sanda da ƴan Garde suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, jandarmomi kuma suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaron ƙasa. Albashinsu daga baitulmalin ƙasa yake fitowa. Magajin gari ba ya ɗaukarsu, ba ya korarsu, ba ya canza musu wurin aiki. A karkara irin tamu, idan aka yi sata ko kisa, jandarmomi ne galibi ke bincike, su miƙa magana ga kotu.

Ba ko'ina ake yin haka ba. A Amurka hukumomin ƴan sanda sun kai kusan 18,000, mafi yawansu na birane ne da gundumomi. Can majalisar birni ce ke zama ta amince da yarjejeniyar aiki tsakanin birnin da ƙungiyar ƙwadagon ƴan sanda: albashi, kuɗin ƙarin lokaci, fansho, har da yadda za a ladabtar da wanda ya yi ba daidai ba. Ita ce kuma ke amincewa da kwangilar motoci da na'urorin sadarwa. A 2013 birnin Camden na jihar New Jersey ya rushe rundunarsa baki ɗaya, aka kafa sabuwa a ƙarƙashin gunduma, kuma tsadar tsohuwar yarjejeniya tana cikin dalilan da aka bayar.

Ƙasar Hausa ma ta daɗe da sanin masu tsaro na gida. Sarakuna suna da dogarai tun kafin zuwan Turawa, har yau kuma suna nan. A arewacin Najeriya, zamanin En'e, wato mulkin hukumomin gargajiya, an yi ƴan doka waɗanda hukumomin gargajiya ke ɗauka suna biya. Bayan sojoji sun karɓi mulki a 1966 aka soke su, aka haɗe su cikin rundunar ƴan sandan tarayya. Babban ƙorafin da aka yi a kansu shi ne an riƙa amfani da su wajen muzguna wa ƴan adawa, musamman magoya bayan jam'iyyar NEPU. Ku riƙe wannan tarihi, za mu buƙace shi idan muka zo maganar wanda ake ɗauka aiki.

To mene ne rabon ƙaramar hukuma?

An yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko a faɗin Nijar ranar 24 ga Yulin 2004, aka sake a Janairun 2011 da Disambar 2020. Dokar da ta tsara aikinsu ita ce kundin ƙananan hukumomi, doka mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga Satumbar 2010. Wannan kundi ya ɗora wa magajin gari kula da oda, kwanciyar hankali da tsabta a yankinsa, ƙarƙashin sa-idon wakilin gwamnati. Kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, hanyoyin cikin gari, wurin tsare dabbobin da suka ɓata ko suka yi ɓarna a gona, duk suna cikin abin da ya shafe shi.

Daga nan ne kashe kuɗi ke tasowa. Manyan birane irin Yamai suna da ƴan sandan birni nasu, masu kula da kasuwanni da tituna. Ƙaramar hukumar karkara ba ta da wannan ƙarfi, amma tana iya ɗaukar mai gadin kasuwa, mai gadin ofis, mai kula da wurin tsare dabbobi. Tana iya ba da kwangilar ɗinkin kaki, sayen fitilu, gyaran babur, sa fitilun hasken rana a bakin kasuwa ko zagaye kasuwar dabbobi da katanga. Sannan ƙananan hukumomi da dama kan ware wani abu a kasafin kuɗinsu don tallafa wa jami'an tsaron ƙasa, yawanci man mota lokacin sintiri, musamman da kaka, sa'ad da manoma da makiyaya suka fi samun saɓani kafin a saki gonaki.

Duk waɗannan kuɗin naku ne. Daga harajin da masu gari ke tarawa suke fitowa, da tikitin kasuwa, da kuɗin da ake karɓa kan sayar da dabba, da tallafin da gwamnati ke turowa ta hannun hukumar ANFICT wadda aka kafa a 2008.

Hanyar da magana ke bi

Za mu bi tsarin yadda yake kafin a rushe majalisu a Afrilun 2024. Bisa kundin 2010, majalisar ƙaramar hukuma tana da mashawarta zaɓaɓɓu daga 11 zuwa 25, gwargwadon yawan jama'a. Sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki na yankin suna zama tare da su, suna ba da shawara, amma ba sa jefa ƙuri'a. Majalisa tana zama sau huɗu a shekara, ban da zaman gaggawa, kuma zamanta a buɗe yake ga jama'a.

A ce ƴan kasuwa sun kai kuka cewa ana fasa musu rumfuna da dare. Magajin gari ba zai tashi kawai ya kira samari shida ya ce su fara gadi ba. Sai ya sa maganar cikin ajandar zama. Kwamitin kuɗi ya duba ko akwai abin biya. Ranar zama a yi muhawara, a jefa ƙuri'a, magatakarda ya rubuta abin da aka yanke. Daga nan a aika takardar ga shugaban gunduma, wato perefe na Buza, ya duba ko ta dace da doka. Aikin perefe a nan duba doka ne, ba zaɓa wa majalisa abin da take so ba.

Wajen biya kuma doka ta raba hannu biyu. Magajin gari ne ke ba da umurnin a biya, amma ba shi ke riƙe da kuɗi ba. Ma'aji ne ke fitar da su, kuma yana da ikon ya ƙi biya idan takardu ba su cika ba, ko idan ba a tanadi kuɗin a kasafi ba. An yi wannan rabo ne da gangan, don kada mutum ɗaya ya zama shi ke yanke shawara, shi ke buɗe asusu, shi ke ba da labari. A ƙarshen shekara akwai kotun binciken kuɗin gwamnati a Yamai da ke da ikon duba lissafin ƙananan hukumomi.

Idan kwangilar kaya ce ko ta gini, sai a bi dokar kwangilolin gwamnati. Ƙaramin saye ana neman farashi daga ƴan kasuwa da yawa a gwada. Babba kuma sai an yi shela kowa ya kawo tayinsa a rufe, a buɗe a gaban shaidu. Ɗan kasuwar da ya ga an zalunce shi yana da inda zai kai ƙara, wato hukumar da ke sa ido kan kwangiloli, wadda aka sani da ARMP a da, yanzu ARCOP. Mashawarcin da ke da wata riba a cikin kwangila, misali shagonsa ne zai ɗinka kakin, bai halatta ya shiga muhawarar ko ya jefa ƙuri'a ba.

Abin da takardar mai gadi ya kamata ta faɗa

A nan ne nake son mu daɗe, domin nan ne aka fi yin sakaci. Sau da yawa ana ɗaukar mai gadi da baki: "Malam, ka riƙa duba mana kasuwa, za mu riƙa ganinka." Wannan "za mu riƙa ganinka" ita ce tushen matsala. Wata biyu, wata uku, ba a gan shi ba. Yana da iyali, yana da sanda, yana da kaki. Me kuke tsammani zai faru? Zai fara karɓar na goro daga mai rumfa, gobe ya karɓa daga mai amalanke, jibi kuma wanda bai bayar ba shi za a fasa wa rumfa. Mutane su ce mai gadi ya lalace. Gaskiya ne, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Majalisar da ta ɗauki mutum ba ta tanadi albashinsa ba, ita ta tura shi cin aljihun talaka.

Saboda haka takardar aiki sai ta bayyana aikin ƙarara: wane wuri zai tsare, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, wace rana ce hutunsa, wa zai canje shi idan ba shi da lafiya, wa yake ba rahoto. Sai ta faɗi albashi da ranar biya. Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumbar 2012, ita ce ke kare ma'aikacin da aka ɗauka da kwantaragi, kuma tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata. Dole ne kuma a yi masa rajista a asusun inshorar ma'aikata, wato CNSS, a riƙa zuba masa kaso. Mai gadin dare yana iya gamuwa da ɓarawo mai adda. Idan aka sare shi, wa zai biya magani? Idan ya rasu, me iyalinsa za su samu? Majalisar da ba ta amsa waɗannan tambayoyi ba tun kafin ta jefa ƙuri'a ba ta gama aikinta ba.

Takardar sai ta faɗi iyakar ikonsa, kuma wannan ya shafe ku kai tsaye. Mai gadin ƙaramar hukuma ba alƙali ba ne, ba jandarma ba ne. Idan ya kama ɓarawo hannu dumu-dumu, abin da ke kansa shi ne ya miƙa shi ga jami'an da doka ta ba ikon bincike. Ba ya dukan wanda ake zargi, ba ya ɗaure shi a gindin itace ya kwana, ba ya yanke masa tara. Ko jandarmomi ma doka ta sa musu wa'adin tsare mutum kafin su kai shi gaban mai gabatar da ƙara. Duk kuɗin da aka karɓa da sunan ƙaramar hukuma, ko na tsare dabba ne, sai da rasit, kuma asusun ma'aji za su shiga.

Abu na ƙarshe shi ne ƙofar ƙorafi. Matar da mai gadi ya ƙwace wa kwanon fura, wa za ta gaya wa? Idan amsar ita ce "ta gaya wa wanda ya ɗauke shi", kuma wanda ya ɗauke shi kawunsa ne, to babu ƙofa ke nan. Ya kamata majalisa ta ambaci kwamiti, da mata a cikinsa, wanda zai saurari irin wannan kuka, ta kuma rubuta laifuffukan da ke sa a kori mai gadi.

Wajen zaɓen mutanen, ku tuna da ƴan doka. Idan aka ɗauki masu gadi duka daga jam'iyyar magajin gari, ko daga gari ɗaya, ko aka bar Fulani da Buzaye makiyaya a waje alhali su ma suna biyan haraji suna cin kasuwar, to rabin jama'a za su riƙa ganin kakin a matsayin na abokin hamayya. A yi shela a masallatai da kasuwa da rediyo, a faɗi sharuɗɗa, masu gari da hardo-hardo su ba da shaidar hali, a liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka.

Mu yi lissafi

Wannan misali ne na koyo, ba kasafin wata ƙaramar hukuma ba. A ce majalisa tana son masu gadi 6, kowanne jika 42 a wata.

A wata ɗaya: 6 × 42 = jika 252.
A shekara: 252 × 12 = jika 3,024, wato miliyan 3 da jika 24.

Ba mu sa kaki ba, ba mu sa fitila da batir ba, ba mu sa kason CNSS ba. Yanzu a ce tikitin kasuwa dala 20 ne, wato faran 100. Don a biya albashin nan kaɗai, sai an yanki tikiti 30,240 a shekara. Kasuwar mako tana ci sau 52 a shekara, ke nan kusan tikiti 582 kowace ranar kasuwa, kuma sai kuɗin sun isa hannun ma'aji ba su zube a hanya ba.

Wannan lissafi yana nuna dalilin da ya sa mashawarci na ƙwarai ke tambaya "daga ina za a biya?" kafin ya ɗaga hannu. Wani lokaci amsar gaskiya ita ce a ɗauki uku a biya su kan lokaci. Wani lokaci kuma fitila da ƙofa mai ƙwari sun fi ƙarin mutum amfani. A ganina masu gadi uku da ake biya ranar da aka yi alkawari sun fi goma da ake bari su nemi na kansu.

"Maganar tsaro ce, ba a tambaya"

Za ku sha jin wannan magana. Akwai abin da ya cancanci sirri, kamar hanyar da sintiri zai bi ko ranar da zai fita. Farashin kaki ba sirri ba ne, yawan litar man da aka saya ba sirri ba ne, sunan ɗan kwangila ma haka. A 2020 wani bincike a ma'aikatar tsaron ƙasa ya bankaɗo kwangilolin da aka ninka wa farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, rahoton farko ya ƙiyasta asarar da kusan miliyar 76 na sefa, a daidai lokacin da sojojinmu ke mutuwa a fagen daga. Abin da ya faru da miliyoyi a Yamai yana iya faruwa da jikkuna a ƙauye, kuma hanyar ɗaya ce: an hana tambaya.

Idan ƙaramar hukuma za ta tallafa wa jandarmomi da mai, to ya kasance a rubuce cikin kasafi, a ba da takardar karɓar mai maimakon tsabar kuɗi a hannu, a ajiye shaida. Wannan yana kare mutuncin jami'an kansu daga zargi. Kuma tallafin ba ya ba magajin gari ikon tura su kan wanda suka saɓa da shi.

Doka tana bayanku idan kuka tambaya. Tun ranar 23 ga Fabrairun 2011 Nijar tana da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma.

Maganar ƴan banga

Kudu da mu, a bakin iyaka, ɓarayin daji sun addabi jama'a. Ƙaramar hukumar Bangi a gundumar Madawa ta karɓi dubban ƴan gudun hijira daga jihar Sakkwato. Idan tsoro ya yi yawa, mutane kan ce a ba samari bindiga kawai. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon raba makamai ko kafa runduna, kuma abin da ya faru a Zamfara ya isa ishara: ƴan sa-kai da ba su da mai tsawata musu sun kashe mutane bisa zargi, ramuwar gayya ta biyo baya, rikicin ya ƙara faɗi. Shi ya sa da jihar Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara kuma ta ƙaddamar da askarawanta a Janairun 2024, suka bi ta hanyar doka da horo da biya daga gwamnati. Abin da ƙauye zai iya yi cikin halal shi ne sa ido, sanar da mai gari da jami'an tsaro da wuri, da zaman sulhu ta hanyar sarakuna da kwamitocin filaye kafin ɓarnar gona ta zama faɗa.

Sauyin 2024

Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, hukumomi sun rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a watan Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi su riƙe su. Inda kantoma ke riƙo, ba mashawartan da za su yi muhawara kafin a sa hannu. Amma haraji bai tsaya ba, kasafi yana nan, ma'aji yana nan, perefe yana nan, dokar ƙwadago ma tana nan. Tambayoyin da mashawarci zai yi a zauren majalisa sun dawo wuyan masu gari, shugabannin ƴan kasuwa, ƙungiyoyin mata da na makiyaya, da ku da kuka iya karatu.

Tambayoyi

1. Wa ke biyan albashin jandarma, wa kuma ke biyan mai gadin kasuwa?
2. Me ya sa doka ta raba mai ba da umurnin biya da mai riƙe kuɗi?
3. Idan masu gadi 4 ne, kowanne jika 45 a wata, nawa za a kashe a shekara? Tikiti nawa na dala 20 za su biya wannan kuɗi?
4. Mai gadi ya kama yaro da akuyar sata. Ku faɗi abin da ya halatta ya yi da abin da bai halatta ba.

Aikin mako

Ku rabu uku-uku, a sa mace a kowace ƙungiya inda ya yiwu. Ƙungiya ɗaya ta zauna da wani mai gadi, cikin mutunci, ta tambaye shi ko yana da takardar aiki, yaushe aka biya shi na ƙarshe, wa kuma yake kai wa rahoto. Kada ku rubuta sunansa. Wata ƙungiyar ta je ofishin ƙaramar hukuma, ta yi sallama da magatakarda, ta nemi a nuna mata nawa aka ware wa gadi da tallafin tsaro a kasafin bana. Ku rubuta adadin da hannunku, ku zo da shi aji mako mai zuwa mu gwada da lissafin da muka yi.